Mai Sharar da Ba a Gani

'Yata Chisato ta dawo daga Tsukuba
a jirgin ƙasa na ƙarshe,
jaka a kafaɗa, idanu jajir.
Ta tarar da ni a bakin fadamar shinkafa
ina sauraron kwaɗi.

Ta ce, Baba, gonarka tana numfashi.
Na ce, ai na san wannan tun ba a haife ki ba.
Ta tsuguna, ta soka kara cikin taɓo,
kumfa ta taso, ɓul, ɓul, ta fashe.
Iskar metan ke nan, in ji ta.
Akwai tauraron ɗan'adam da ke ratsawa ta kanmu
duk bayan kwana uku, da tsakar rana,
yana duban hasken da ƙasa ta mayar sama,
yana ƙirga abin da aka gutsura a hanya.

Na ce, ashe ni ake wa leƙen asiri?
Ta yi dariya irin ta uwarta, hannu a baki.

Ba kai ba. Wani muke nema,
wanda ko ƙiftawar ido ba ya yi a duniya.
Rana ce ke haifarsa cikin danshin sama,
ya cafki metan, ya ɓalle mata ƙafa guda,
shi kuma ya koma ruwa.
Haidiroksil.
Sau uku ta maimaita, harshena ya ƙi ɗauka.

Tauraron ma ba ya ganinsa.
Sai mu tara abin da fadamu suka fitar,
da shanu, da juji, da rijiyoyin mai,
mu debe wanda ya saura a sama.
Giɓin nan shi ne sawunsa.

Wannan kam na gane.
In ka tashi ka tarar da tsakar gida tas,
ka san an yi shara
ko ba ka ji tsintsiya ba.

Sai dai lissafin ya ƙi zama, wata bakwai ke nan.
Metan tana ƙaruwa,
ba ta san ko mai sharar ne ya gaji ba,
ko mu masu zubarwa ne muka ƙara hannu.
Shugabanta Hirabayashi ya ce a sake daga farko.
Ta faɗi haka tana kallon ruwa.
Ban tanka ba.
Wanda ya taɓa shuka sau biyu a shekara ɗaya
ba ya ba da irin wannan haƙuri da baki.

Can na ce, kumfar nan da ta fashe,
har yaushe za ta yi yawo?
Kamar shekara tara.

Tara.
Bana shekara tara da Sumie ta yi dashenta na ƙarshe,
a layin nan na gabas, taɓo har gwiwa,
tana mitar bayanta.
Na ce, to an share ke nan.

Ba duka ba, Baba.
Ba haka yake tafiya ba.
Kusan kashi ɗaya cikin uku yana nan.

Muka shiga gida, miya ta huce.

Da asuba ta koma.
Da rana ta take, ina cikin cire ciyawa,
na tuna yau ne kwana na uku.
Na miƙe, na cire malafa,
na duba sama. Babu komai, ko gajimare.
Na ɗan jima a haka
kafin wuyana ya ce ya isa.