Mariƙin Raket

Ni baduku ne, ɗan baduku,
a Birnin Damagaram aka binne cibiyata.
Na ɗinka kube, na ɗinka taiki da alabe,
ban taɓa zaton zan tsufa
ina naɗe mariƙin raket ba.

Barira na da shekara tara
ranar da aka aike ta sayen daddawa ta ɓata.
Na same ta a bayan katangar lakwal
tana tsintar ƙwallo ga wasu ma'aikata biyu,
a filin siminti mai faso kamar dunduniyar manomi.
Na ɗaga hannu. Tsoho Tanimun, mai gadi, ya riƙe ni:
"Bar ta. Idonta na riga ƙwallo isa."

Ba ta da abokin bugu sai dutsen bayan gidanmu.
Dutse ba ya mayar da ƙwallo yadda aka ba shi:
ka ba shi dama, ya miƙo hagu.
Shi ya koya mata kada ta yarda da kowa
har sai ƙwallo ya taɓa ƙasa.

Raket ɗin farko kwance aka yi mata,
mariƙinsa ya sulɓe, yana cin tafin hannu.
Na zaɓi fatar jar akuya,
na fere ta siriri kamar ganyen albasa,
na naɗa, na ja, na naɗa.
Iyakar abin da na iya ke nan.

Ƙidayarsu har yau ba ta zauna mini ba:
sha biyar, talatin, sai arba'in.
Ina biyar ɗin ta shiga?
Ta yi dariya: "Baba, kuɗin mota ne."
Gaskiya ta faɗa.
Yini guda cur kafin Yamai,
gwiwa a naɗe tsakanin buhunan wake,
ta sauka da ƙafa a kumbure
gobe da hantsi a ce ta buga.
Uwarta ta sayar da tunkiya biyu saboda Abijan,
ni na kai keken ɗinkina jingina saboda Tunis.

Ta ci. Ta kuma sha kaye, fiye da cin.
Wannan rediyo ba ya faɗa.
Wani dare ta kira daga ƙasar da ban iya sunanta ba,
ba ta ce komai ba, numfashi kawai,
ni ma na riƙe wayar har kuɗin ya ƙare.
Kofin Dakar yana nan kan kabad,
uwarta na ajiye allura da maɓalli a ciki.

Kowace tafiya sai ta dawo mini da fatar
ta yi baƙi da gumi,
da shatin yatsu huɗu a jiki.
Ban jefar da ko ɗaya ba.
Talatin da bakwai ne, a cikin tsohuwar tasa.

A shekara ta goma sha huɗu gwiwa ta ce ya isa.
Ta sauka a tasha tana ɗingishi,
babu kiɗa, babu jawabi,
ɗan kabu-kabu ma bai gane ta ba,
ya caje ta kuɗin baƙo.

Yanzu Tanimun ya riga mu gidan gaskiya,
makullin filin na hannunta.
Da asuba, kafin masu ga-ruwa su fito,
ina jin sautin daga shago: tas, tas, shiru, tas.
Jiya ta turo mini wata ƴar ƙanƙanuwa, Tsahara,
da raket da ya kusa kai ta tsawo.
Idona ya yi hazo, zare na kuɓuce mini,
amma na ce, "Miƙo hannunki in auna."