Abin da Gara Ta Rage

Kwana uku da binne Baba,
Inna ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado.
"Ɗauki, Barnaba. Wannan ba gona ba ce balle a raba,
'yan'uwanka sun ce awaki suke so."

Littafi bakwai, biyu ba bango.
Ɗaya Malam Ɗan'azumi baduku ya yi wa riga da jar fata,
bai karɓi ko sisi ba,
ya ce ilimi ba ya kwana tsirara a maƙwabtansa.

Na buɗe na koyon wa'azi.
Mai littafin ya ce: kasa zancenka gida uku,
ka ɗaga murya in ka zo gangara.
Baba ya bi gefe da fensir:
"Ban da ihu. Tsohuwa Jimmai kunnen hagu ya mutu,
tsaya ta damarta."

Inda aka buga misali da jirgi a bakin teku
ya ja layi, ya rubuta "turke",
don mu a ƙauyen Kafur ba mu san teku ba,
mun san jakin da ya tsinke ya faɗa gyaɗar mutane,
mun kuma san abin da ke biyo baya.

Na tarbiyya shi gara ta samu.
Ta cinye babin haƙuri tas,
na tsegumi ko gefensa ba ta lasa ba.
Ina tuna shi yana kaɗe ƙasar yana dariya:
"Ita ma ta san mai daɗi."
Bai sayi wani ba.
Shekara ashirin yana koyar da babin nan da ka,
ko in ce da yadda yake jiran Inna ta gama faɗa
kafin ya tambayi tuwo.

A shafin yafiya ba sharhi, lissafi ne:
Ranau, dawa tiya tara, damanar yunwa.
An soke shi da layi biyu,
da ƙarfi, har takardar ta huje.
Ashe bai zo masa da sauƙi ba.

Yanzu ina Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura,
da allo da yara talatin kowace Lahadi.
Na yi makaranta, na san sunan kowace dabarar magana,
na iya sassauta murya har na bencin baya su miƙo wuya.
Wancan mako na yi musu darasin gaskiya,
gida uku cif, kowanne da ƙofarsa.
Sai Rifkatu, mai wushirya, ta ɗaga hannu:
"Malam, kai ka taɓa yin ƙarya?"
Gidajen nan uku suka rushe a bakina.
Na ce lokaci ya ƙure, mu yi addu'a.

Da dare na zazzage adaka a tabarma.
Can ƙarshen littafin koyarwa,
ƙarƙashin tabon miyar kuka,
hannun Baba ya fara rawa, amma yana karantuwa:
"Yau na ce wa yara ban sani ba.
Sun dawo, har da ƙarin biyu."

Na feƙe fensir da reza.
Akwai sauran wuri a gefen, faɗin yatsa biyu.
Na rubuta ƙasa da nasa:
"Rifkatu. Ranar Lahadi ka ce mata e,
ka faɗa mata wacce."