Abin da Na'urar Ba Ta Ƙirga Ba

Sun iso ƙauyenmu da hantsi, ta hanyar Jahun,
farar mota, mutum uku, jaka cike da takardu.
Mai unguwa ya ce ni na yi boko, ni zan riƙe musu biro.
Na riƙe.

Tambaya ta farko: sau nawa a mako kike motsa jiki?
Gwaggo Tabawa ta dube ni, ta dubi taɓaryar hannunta.
"Ni? Ina na ga sarari?"
Na rubuta sifili.
Sifili, ga matar da ta ja guga talatin kafin rana ta ɗaga,
a rijiya mai gaba goma sha biyu,
ta surfa dawa, ta bakace, ta dawo kan turmi
tafin hannunta duk kanta.

Suka ɗaura mata 'yar na'ura a ƙugu, mai ƙirga taku.
Kwana bakwai tana maƙale da ita.
Da aka kwance, na'ura ta ce Gwaggo ba ta zuwa ko'ina.
Ba ta yi ƙarya ba: turmi ba ya tafiya.
Ta ce Barau ɗan acaɓa ne gwarzon gari,
shi da gargadar hanya ke jijjigawa
daga nan har Miga, yana zaune, tumbi a kan tanki.

Daren nan sifilin ya tsaya mini a maƙoshi.
Da safe na tari Malama Baraka, shugabarsu:
"Ranki ya daɗe, kun zo da mudu,
ba ku tambayi abin da muke aunawa ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."
Ta yi shiru har na fara lissafin kuɗin da na rasa.
Sai ta rufe littafinta, ta tuɓe takalmi,
ta ce a shimfiɗa tabarma.

Maza a gindin durumi, mata a zauren Gwaggo,
ni ina kai-kawo tsakani da biro.
Nomau ya ce: "Mutum biyu ne ni a shekara.
Da damina ku ƙirga kunyar da na huɗe,
da rani ku ƙirga zaman dara."
Shekarau mai cajin waya ya ɗaga ƙafa a kumbure:
"Ni ne ba na motsi, asuba zuwa isha a kan benci,
ba wanda ya leƙo shagona."
Lantana, 'yar aji biyar, ba a tambaye ta ba ta tsoma baki:
filin da suke gaɗa an yanka shi fuloti,
an kewaye da bulo, babu ko gini a ciki.
Gwaggo ta ce: "Ku tambaye ni guga nawa.
Sannan ku tambayi bayana, da daddare,
shi ma yana da ta cewa."

Tsoho Jatau ne ya rufe taro, bai ɗaga murya ba:
"Waɗansu sun zo kafin ku, sun auna mu tsaye da kwance,
sun tafi ko sallama.
In kun gama, ku dawo nan ku karanta mana da Hausa,
mu ji ko mu ne a ciki."

Tambaya ashirin suka zo da ita, bakwai suka tsira.
Sauran daga bakinmu aka ɗauka.
Sun ce sai bayan kaka.
An yanke gero, an ɗaure, an kai rumbu.
Muna dai duban hanya.

Takardar farko tana nan a aljihuna, na soke sifilin.
Jiya na wuce ta bakin rijiya
na ji Gwaggo tana ƙirga da ƙarfi, igiya na zamewa a hannunta:
"Ashirin da tara. Talatin.
Kai ɗan boko, tsaya, rubuta."