Mai Laɓe a Bakin Ƙofa

Ƙarfe ɗayan dare a Ƙofar Marusa,
wuta ta tafi tun kafin magariba.
Batirin sola na tsiyayar da ɗan abin da rana ta bari,
ni da allo muna kallon juna,
shayi ya huce tun ban kai layi na ɗari uku ba.

Manhajar nan sana'arta laɓe.
Tana tsaye a bakin ƙofar cibiyar na'ura,
duk wanda ya zo roƙo sai ta rubuta:
wannan ya ce a buɗe masa fayil,
wancan wuri ya yi masa kaɗan, yana neman ƙari,
wani ya yi sallama, an ce babu, ya juya.
Ba ta ba kowa, ba ta hana kowa,
ita dai ta gani, ta shaida.

Sai dai masarrafai ba bakinsu ɗaya ba.
Wannan a aljihun dama yake sa lambar buƙatarsa,
wancan a naɗin hula,
wani sai ka zazzage shi kaf kafin amsa ta faɗo.
Duk wanda ya kawo sabo a shekarun baya
sai ya cusa "idan" a cikin "idan" ya yi gaba,
har fayil ya koma ɗakin kakata Tasalla:
kwano cikin tasa, tasa cikin kwalla,
in allura kake nema sai ka sauke jeren duka.

To, na sauke.
Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.
Na yanka wa kowane masarrafi ɗakinsa,
na kwashe tarkacensa na kai masa,
abin da suka yi tarayya a kai na bar shi tsakar gida.
Mai shigowa ta Ƙofar Guga
da mai shigowa ta Ƙofar Ƙaura
ai ba hanya ɗaya suka biyo ba,
amma Katsinan ɗaya ce, kasuwar ɗaya.

Can ƙasa na tarar da layi uku marasa dangi,
a kansu wani ya rubuta: kar a taɓa.
Ba suna, ba dalili.
Na yi dariya, na share.

Gwaji ya wuce, ya wuce, ya wuce,
sai ɗaya ya tsaya ja wur.
Wani tsohon masarrafi ne, irin na akwatin nan
da Malam Ɗanjuma ke ɗora tukunyar fulawa a kai,
wanda na rantse ba mai kunna shi a duniya.
Ashe shi a baibai yake miƙo amsarsa,
layi ukun nan su ke juya masa riga.

Na daɗe shiru.
Wani bawan Allah da ban san garinsu ba
ya taɓa kwana a kan wannan kamar yadda na kwana,
ya gaji, bai iya bayani ba, ya ce kar a taɓa.
Na dawo da layukansa, na kai su ɗakin tsohon,
na rubuta dalilin da shi bai rubuta ba,
na so in sa masa gaisuwa, ban san ina zan aika ba.

Da aka kira assalatu ƙanena Zayyanu ya leƙo
da buta a hannu, ido a kumbure.
"Yaya Murja, mi kika ƙera yau?"
Na nuna masa sakamakon jiya,
na nuna masa na yau.
Ya duba, ya sake dubawa.
"Ai iri ɗaya ne, ko harafi bai canza ba."

Na ce haka ake so.
Ya girgiza kai ya tafi alwala.

Batir ya yi ƙara sau biyu.
Na aika aikin, na rufe allo,
na kwankwaɗe shayin da sanyinsa.