Tsakiyar Gada

Shekara uku ina riƙe wa Geneva Holbrook jaka,
muna zaune cikin tsohuwar motarta a wani lungu na Covington,
kofi ya huce, gilashi ya yi raɓa,
ita idonta na kan ƙofar wani, ni ina rubuta awoyi.
Hukumar jiha ta ce a ƙirga su,
kowace awa da sa hannun wanda ya koya maka,
sannan a zo a yi magana.

Ranar da na kai takarduna
wata mata mai tabarau ta kama yatsuna goma,
ta danna su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai latsa tumatir kafin ta saya.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ta ce, rubuta duk inda ka taɓa zama,
kada ka tsallake ko ɗaki ɗaya.

Ni da nake tono adireshin mutum daga takardar kuɗin wuta,
ni da kan san makarantar 'yarsa
tun kafin in ga fuskarsa,
sai ga biro yana rawa a hannuna
a layi na huɗu:
ɗakin nan na Paducah da na bari da tsakar dare,
ana bina hayar wata biyu.
Wanzami ba ya son jarfa.
Na rubuta.
Washegari na aika wa mai gidan kuɗinsa ta gidan waya,
har da ɗan ƙari, ladan kunya.

Sai jarrabawa.
Me doka ta yarda ka tambayi maƙwabci,
me ta hana ka faɗa masa.
Ba ka shiga rigar ɗan sanda ko da baki,
ba ka buɗe wasiƙar da ba taka ba,
shinge shinge ne, ko ya rube.
Sai inshora, sai kuɗin rajista,
sai jira, mako bakwai ina leƙa akwatin saƙo.
Katin da ya zo bai kai tafin hannu ba,
hotona a jiki kamar wanda aka kama.

Aikin farko da sunana: Dewey Tackett.
Ya ci bashin babbar mota, aiki ya tsaya, ya ɓace.
Na bi shi ta shagon gyaran taya,
ta wata tsohuwar budurwa mai fushi,
ta katin asibitin karensa,
domin mutum kan sauya suna da gari
amma ba ya barin kare da ciwo.

Kwana goma sha ɗaya na gano shi.
Yana can ƙetaren kogin Ohio,
daga bakin ruwa ina hango unguwar,
hayaƙi na tashi daga rufin gidaje.
Tafiyar minti shida ce.
Amma katina ya ƙare a tsakiyar gada,
inda wata jiha ta fara da tata dokar.
In na haye, ni ba kowa ba ne,
wani mutum kawai mai yawan tambaya.

Geneva ta yi dariya a waya, tana tari.
Ta ce, kira Rhonda Szabo, ita ke da takardar can,
ku raba ladan.
Na kira. Na karanta mata lambar gida a hankali,
har da sunan karen, don kada ya cije ta.

Na daɗe zaune a mota bayan nan.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Fitilu suka kama a ɗaya gaɓar,
ban san wacce ce tasa ba.

Bana takardar sabuntawa ta iso.
Layin adireshi guda ɗaya na cike,
na sa hannu, na lashe ambulan.