Musu a Bakin Ramin Kuza

Ni dai injin ban-ruwa na zo gyarawa,
a Bukur, bayan tsohon layin dogo,
inda ramin da kamfani ya bari
ya sha ruwan sama har ya manta shi rami ne.
Sufana a hannu, baƙin mai har gwiwa,
musu ya iske ni a tsugune.

Kangyang ce ta taka wutsiyarsa, 'yar jami'a,
kwalabe shida a jaka, kowace da lamba.
Ta ɗaga ɗaya ga rana, ta ce:
"Baba, wannan ba tafki ba ne, miki ne.
An yashe kuza, an loda wa jirgi,
an bar mana rami da kuɗin magani.
Masu bin mu bashin nan
ko suna ba a raɗa musu ba tukuna."

Sallau bai ɗago daga kunyar kabeji ba.
"Ubana ya haƙa shi da kwano a ka,
ni na dasa latas a leɓensa.
In miki ne, to ni ƙuda ne,
ƙuda ma da rabonsa ya zo duniya.
Wanda ba a haifa ba, yarinya, ba ya jin yunwa.
Ni ina ji, tun hantsi."

Sai ga Davou dillalin filaye,
yana tsallake laka kamar mai tsallake bashi.
Ya latsa waya, ya juyo mana da fuskarta:
"Tifa ɗari uku ta ƙasa, fuloti arba'in.
Naira ta yau ta fi ta baɗi ƙiba,
ta jikanka kuwa, in ka auna daga nan,
ba ta sayen ashana."

"Kukan kwaɗin fa, nawa ka sa masa?"
"Abin da ba shi da farashi, kasuwa ba ta gan shi ba."
"Ashe makauniya ce."
"Makauniya ce. Amma lalitar a ƙugunta take."

Na hura kafireto, na yi shiru.
Mai gyara yana shiga gida ta bayan gida,
ya san abin da baki ya tsallake.
Na san ruwan nan ya ci Ilu, ɗan Sallau na uku,
ranar wata Laraba, yana koyon iyo,
washegari uban ya ja tiyo ya shayar da karas,
yana ba su ruwan, yana juya fuska.
Na san uwar Kangyang tana wankin kuza a sabon rami,
can wajen Barikin Ladi,
da kwanon da take jijjigawa aka sayi littattafan
da suka koya wa 'yarta cewa rami miki ne.
Davou kuwa, bari kawai,
duk Agusta rafi yana kwana a falonsa.

Na ja igiya sau ɗaya, tari.
Sau biyu, tari.
A na uku injin ya kama, ya tofa hayaƙi,
ruwa ya miƙe cikin tiyo kamar maciji ya ji rana.
Ɗigon mai ya zame daga hannuna,
ya buɗe bakan gizo a fuskar tafkin,
kyakkyawa, wallahi, kuma guba.

Duk suka juyo.
"Kai fa, mai gyara, me ka gani?"
Na ce dubu biyu ne kuɗina.

Kangyang ta cika kwalba ta shida daidai wurin,
ta rubuta kwanan wata.
Kafin ta hau acaɓa
na ji ta tana taya kabeji biyu,
Sallau yana cewa albarka.