Kwalayen Farfesa Haladu

Shekara ashirin da tara ina buga masa takardu,
tun zamanin tafireta mai cin yatsu
har kwamfuta ta zo ya ƙi taɓa ta,
wai shi da biro akwai alkawari.
Rubutunsa kamar kaza ta bi ta taɓo,
duk Naraguta ni kaɗai ke iya karanta shi.

Yau ya ajiye aiki.
Muna ta ɗaure kwalaye.

Ga hoton mahaifinsa a ramin kuza a Bukuru,
kwano a ka, laka har gwiwa.
Yakan ce: "Asabe, tsohona ya wanke ƙasa ya nemi kuza,
ni kuma na wanke jami'a ina neman
inda 'ya'yan mutane ke zubewa."
Aikinsa ke nan.
Wasu sun karanci taurari, wasu ƙwayar cuta,
shi makarantar da kanta ya kwantar a tebur ya fede:
wa ya shiga, wa aka bari a bakin ƙofa,
wa ya kai aji uku kuɗi suka yanke masa.

Ga rigar farfesa, asu ya ɗanɗana wuyanta.
Sau biyu aka mayar masa da takardun ƙarin girma,
ya ninke su, ya sha shayinsa ba madara.
Wata takwas na yajin aiki
dankali ya noma a bayan gida,
ɗalibai na zuwa da babi na huɗu a leda,
yana gyara musu a kan kunya, hannu duk ƙasa.

Ba waliyyi ba ne.
Ya taɓa sa ni kuka a kan waƙafi guda,
ya manta ranar auren 'yata,
ya zo bayan kwana uku da buhun shinkafa da kunya.

Can ƙarƙashin durowa muka tarar da littafin,
baƙi, bango ya saɓule.
Ba na waɗanda suka gama ba ne,
su ai suna da hotuna da huluna.
Sunayen waɗanda suka ɓace ne a hanya:
Nanret, kuɗin rajista.
Ishaku, ciwon uwa.
Zulai, ba a sani ba.
Ɗari huɗu da sha ɗaya. Na ƙirga.

Motarsa ta ƙi tashi, kamar kullum,
sai na tsayar da mai keke daga Farin Gada.
Yaron ya ɗauki kwali na farko, ya ajiye,
ya cire hula.
"Malam, ba ka gane ni ba."
Farfesa bai dubi fuskarsa ba, littafin ya buɗe,
yatsa na bin layi yana rawa,
har ya tsaya.
"Ishaku. Yaya mai jiki?"
"Ta rasu, Malam. Da daɗewa."

Hadari ya taso daga duwatsun Shere,
sanyin Jos ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa.
Muka tsaya mu uku, ba mai magana.

Sannan ya laluba aljihu, ya zaro biron nan,
ya ce: "Asabe, kunna injinki.
Wasiƙa ɗaya ta rage zuwa ga magatakarda."
Na ce: "Ranka ya daɗe, tun ƙarfe huɗu ka yi ritaya."
Ya dubi agogon bango,
wanda ya tsaya tun bara,
ya ce: "Da saura."